Nomau da Takardar Fadama

A ƙauyenmu na Gidan Korau an yi wani mutum da ake kira Nomau. Yau shekara tara da rasuwarsa, amma har yanzu in na bi ta ƙofar gidansu sai na rage sauri. Su biyu ne a gidan, shi da yayarsa Tasalla, wadda ta dawo gida bayan mutuwar mijinta. Abin da suka mallaka duka-duka wata 'yar fadama ce a bakin rafi, suna noma rake da albasa. Ita ce cinsu, ita ce suturarsu. Nomau ba ya ƙarya, ba ya fushi, sai dai duk abin da aka ce ya yi, haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Ni kuwa a lokacin ni ke karanta wa mutanen gari takardun Turanci, don na yi makarantar mishan.

Wata rana Nomau ya kawo mini takarda daga ofishin filaye. Dogara mai injin niƙa, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da fadamar, shi ya kai ƙara. Nan da mako uku za a zauna, in aka ba Dogara gaskiya fadama ta tafi. Nomau ya ɗora yatsa a kan wata kalma, "encroachment".

"Malam, wannan doguwar fa?"

"Cin iyaka. Wai kana matsowa cikin gonar Dogara kaɗan-kaɗan."

"Duk wannan a cikinta? Lallai ta yi ƙoƙari."

Na ce masa ya riƙe takardar da kyau, kada ya ɗauke ido daga kanta. Washegari ranar kasuwa ce. Sai ga Nomau ya tsaga kara ya maƙala takardar, ya riƙe ta daidai fuskarsa yana tafe. Ya taka faifan tumatir, ya ture ƙwaryar nono, ya ƙarasa cikin kwata. Mai nono tana ihu tana cewa, "Kai ba ka duba gabanka ne?" Ya amsa mata daga cikin kwatar, hannunsa a sama don kada takarda ta jiƙe: "Malam bai ce gabana ba."

Wata rana kuma na ga ya kamata ya shiga ofis da abin faɗa a bakinsa. Na koya masa "I categorically deny", na ce ma'anarsa na musa, sam ban yarda ba. Na ce ya yi ta maimaitawa har ranar zama. Haka kuwa ya yi. A ce masa ina kwana, ya faɗa. A ce ina gajiya, ya faɗa. Ranar sunan jikan mai gari, ana raɗa suna wuri ya yi tsit, sai Nomau ya faɗe ta da ƙarfi. Wani malamin firamare da ke wurin ya fassara wa jama'a, uban jariri ya miƙe da taɓarya. Da yamma Tasalla ta iske ni a zaure.

"Malam, don Allah ka kwashe abin da ka zuba masa a baki. Ko tuwo na miƙa masa sai ya musa, sannan ya cinye."

Wata rana wata takardar ta biyo baya, a samanta an rubuta "without prejudice". Na ɗauko tsohon ƙamus ɗina, na tarar gara ta cinye shafukan da nake nema. Na ji kunyar cewa ban sani ba, sai na ce masa ya tambayi duk wanda ya san Turanci. Nufina malamin firamare. Kwana huɗu ba a ga Nomau ba, Tasalla ita kaɗai ke ban ruwan albasa tana tsine mini a zuciya. Ya dawo ƙafafu a kumbure. Ya je wurin malamin asibiti, da fasto, da mai sayar da tikiti a tashar jirgi, da direbobi biyu, da wani tsohon soja. Ya zauna ya jera mini amsar kowa da sunansa, bai ɓata ko ɗaya ba. Ma'ana shida, babu biyu da suka zo ɗaya.

"Wacce ce daidai, Malam?"

Na ce ban sani ba. Ya ce, "To ai kai ne na farko da ya faɗi haka."

Wata rana, ranar zama ke nan, na raka shi gari. Ba a bar ni na shiga ba, sai na zauna kan benci a bakin taga ina jin komai. Kafin ya shiga na ce masa, "Kada ka dangwala yatsa a kan komai sai an faɗa maka ma'anar kowace kalma."

Dogara ya zo da fara'a, da takardar sulhu shafi biyu da wani akawu ya buga masa. Ya ce wa jami'in filaye ai sun daidaita, maƙwabta ne, ya janye ƙara, Nomau ya dangwala kowa ya tafi harkarsa. Jami'in ya ji daɗi, don mutane sun yi layi a waje. Ya tura wa Nomau tawada.

"Ranka ya daɗe, ta farkon me take nufi?"

"Suna ne kawai na takardar."

"Ta biyun fa?"

Mutane suka fara dariya. Nomau bai tsallake ko 'yar ƙaramar kalma mai harafi biyu ba. Jami'in ya yi tsawa, ya yi lallashi, Nomau ya durƙusa yana ba da haƙuri, yatsansa na kan kalma ta gaba. Haka aka yi ta jan layi ɗaya bayan ɗaya har aka yi azahar. Dogara ya ce yana da niƙa a gida, a bar shi haka. Aka shiga shafi na biyu. Can ƙasa yatsan Nomau ya tsaya a kan "relinquish in perpetuity".

Jami'in ya buɗe baki zai fassara, sai ya fasa. Ya gyara tabarau ya sake karantawa, a hankali wannan karon.

"Ana nufin ka bar masa fadamar gaba ɗaya, har abada."

"Har abada, ranka ya daɗe? Ina ce sulhu ne."

"Ni ma haka na ce," in ji jami'in. Ya janye tawadar, ya dubi Dogara. "Kai, zauna. Wa ya rubuta maka wannan?"

A makon aka turo masu awo, suka kafa duwatsun iyaka inda take tun zamanin uban Nomau. Amma a ranar zaman, muna kan hanyar komawa gida, na ga Nomau ya yi jugum. Na ce masa ya saki ransa, fadama ta tsira.

"Ba ita ba ce, Malam," ya ce. "Saura kalma goma sha ɗaya ba a faɗa mini ba. Gobe da ƙarfe nawa suke buɗewa?"