Barka da Sauka da Faransanci

Ranar da yayar mijina ta haihu a can Segbana, ƙasar Benin, na ce ni ba zan yi barka irin ta kowa ba. Malamar Faransanci ce, kuma tun aurena take min kallon wadda ba ta waye ba. To, yau za ta gani.

Na buɗe manhajar nan mai rubuta wa mutum komai, na ce ta mayar min da "Barka da sauka, Yaya" zuwa Faransanci. Ta zubo layi huɗu, gwanin kyau. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Akwai maɓalli biyu a ƙasa, duk masu kibiya. Na danna wanda nake zaton zai karanto min, ashe na turawa ne.

Sai ga muryar Yaya a zauren hirar dangi: "Amarya, wace mota kuma? Ni da ke kwance, kike min murnar saukowa daga mota lafiya, har da tambayar kayana?"

Har yau ban san inda manhajar ta samo mota ba. Amma ko daga kabu-kabu na sauka a kasuwar Bagudo, sai ƙannen mijina sun tarbe ni: "Barka da sauka, Madam. Mi aka samu, mace ko namiji?"