Kifin Roba a Tabkin Surukaina

Ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je kamun kifi a garin surukaina, can wajen Korgom. Ko ni na manta, Lawali ƙanin matata yana nan da ransa, kuma bai taɓa gajiya da ba da labarin ba.

Ni malamin kolej ne a Tasawa, ilimin halittu nake koyarwa, kowa kuma Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. Na san sunan kowace ƙaya ta jikin kifi da Faransanci, in na zana shi a tablo, wato allon aji, har 'yan aji su yi tsit. Amma har na kai shekara talatin da takwas ban taɓa kama ko guda ba. Kifin da na sani shi ne wanda ake soyawa a bakin tasha, a barbaɗa masa yaji.

Abin ya faro ne a lokacin bakans, dogon hutun makaranta. Ba aji, ba gyaran takardu, sai ni da waya a ƙarƙashin dogon yaro. Nan na faɗa kallon bidiyon wasu Turawa da ke shiga kwalekwale a ruwa garai-garai, suna kama wani kifi mai faɗin baki da suke kira bas. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne ba tana suke sa wa ƙugiya ba, ba hanji ba. Roba suke jefawa, su yaudari kifi da dabara. Na ce wa kaina, wannan ai kimiyya ce, aikin irinmu ne. Na sami kaye sabo, irin littafin 'yan makaranta, na fara rubutu: in ruwa na da haske, a sa launi mai kama da na halitta, in ya yi duhu, a sa mai ƙyalli ko mai ƙara, da safe a ja kwaɗon roba a saman ruwa, in rana ta yi, a saki tsutsar roba ƙasa. (Ban tsaya na tambayi kaina ko akwai bas a duk ƙasar Maradi ba. Babu.)

Wani abokina ɗan kasuwa ya zo mini da kayan daga Yamai. Sanda ce mai shigewa cikin kanta kamar eriyar rediyo, da ɗan injin naɗe zare a gindinta, da akwati mai ɗaki-ɗaki. A ciki akwai cokali mai ƙyalli, da tsutsotsin roba kala-kala, da koren kwaɗo, da wani ɗan kifin roba mai ƙugiya shida wanda in an girgiza shi yake kacau-kacau. Na ajiye robar wanki a tsakar gida ina gwada jifa. A mako guda na kama zanen Rabi matata a kan igiyar shanya sau biyu, na kama tabarma, na kama reshen dogon yaro har ban san adadi ba. Robar wankin kuwa ko sau ɗaya.

Rabi ta tsaya a ƙofar madafa tana kallona. Ta ce, “Mushe, wannan kifin naka na roba, miyar roba za a yi da shi?”

Na ce mata ta bari ta gani.

Ana nan sai bikin ƙanwarta Nana ya taso. Dangin ango daga Mayahi za su zo, kuma garin su Rabi an san su da kifin tabkinsu, duk baƙon da ya je da tuwo da miyar tarwada ake tarbarsa. Ina zaune ina jin Rabi na waya da Inna, mahaifiyarta, suna shawarar wanda za a sa ya samo kifin. Ni da ko idon Inna ba na iya kallo, ban san lokacin da na miƙa hannu na karɓi wayar ba.

Na ce, “Inna, ina wuni. Kada a wahalar da kowa. Kifi a kaina yake.”

Can ta ce, “To, Mushe. Allah shi ba da sa'a.”

Bari in faɗa muku gaskiyar abin da ya kai ni. Shekara bakwai da aurenmu, gidan nan ba su taɓa raina ni ba, amma sun ɗauke ni mutumin alli. Shekarar da na ce zan taya su girbin hatsi na yanke babban yatsana tun ba a yi kunya biyu ba, aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa aka kawo mini fura. Tun daga nan in ana aikin ƙarfi sai a ce, “Mushe, kai ka huta.” Ina son sau ɗaya in shigo gidan nan da abin da hannuna ya kamo.

Mun isa ran Juma'a da yamma a kan moto, wato babur. Niyyata in sulale ni kaɗai da sassafe. Ashe Lawali, wanda ɗan kabu-kabu ne kuma bakinsa ya fi motonsa gudu, ya riga ya zaga gari ya ce Mushe ya zo da injin kama kifi daga Turai. Da na fito da wandona mai aljihu takwas da baƙin tabarau, sai na tarar da tawaga tana jirana. Ga Baba, surukina, da carbinsa. Ga Alhaji, baffan ango, da mutum huɗu daga Mayahi. Ga kuma Kawu Ɗan Tani, wan Inna, wanda tun yana saurayi yake su a tabkin.

Damina ta ƙare ba da jimawa ba, tabki ya cika maƙil, ruwan kuwa launin koko. In ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka. Na buɗe akwati a bakin ruwa. Kawu ya tsuguna ya ɗauki tsutsar roba, ya ja ta, ya sake ta, ya kai hanci.

Ya ce, “Ba ta wari.”

Na ce, “Ai ba a so ta yi wari, Kawu. Motsinta kifi ke gani.”

Ya dubi ruwan, ya dube ni. “A cikin wanga ruwa? Tarwada da gashin bakinta take neman abinci, ba da ido ba.”

Maimakon in yi shiru, sai na gyara tsayuwa kamar ina gaban aji. Na yi wa mutumin da ya shekara arba'in a ruwa bayanin yadda kifi ke jin girgiza ta gefen jikinsa, har da zane a ƙasa da tsinke. Ya saurara har na gama. Abin da ya ce kawai shi ne, “To. Amma kada ka jefa wajen gawon can da ya faɗa ruwa.” Na tambaye shi dalili, ya ce akwai abin da ke wurin.

Jifan farko, zaren ya cukurkuɗe a cikin injin ya zama kamar sheƙar tsuntsu. Na kwashe kusan rabin awa ina warwarewa, mutane na tsaye a kaina suna ba da shawara. Na sa cokali, ya dawo da ciyawa. Na sa kwaɗo, na ja shi a saman ruwa yadda na gani a bidiyo, kwaɗin gaskiya suka yi shiru suna kallonsa. Na sa jar tsutsa, na sa shuɗiya. Hantsi ya yi, ya wuce. Baƙin Mayahi suka koma gindin wata tsamiya suka shiga hirar farashin wake. Kawu ya ce zai je ya ba shanunsa ruwa ya dawo. Sai wayar Lawali ta yi ƙara, ya ɗauka, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: “Mushe, Yaya Rabi ce. Wai Inna na tambaya a jajjaga kayan miya ko a dakata?”

Baba ya yi ɗan tari, ya dubi sama.

A nan ne shaiɗan ya zo mini da ilimi. A duk bidiyon da na kalla, babban kifi a gindin itacen da ya faɗa ruwa yake laɓewa. Na ce a raina, ashe tsohon nan wurin kifinsa yake ɓoye mini. Na ɗaura ɗan kifin roba mai kacau-kacau, na taka a hankali zuwa wajen gawon, na yi bisimilla na wurga. Wannan ne jifa mafi kyau da na taɓa yi a rayuwata. Na fara naɗewa, sau uku, sau huɗu, sai sanda ta lanƙwashe.

Nauyi ne na gaske, kuma yana motsi. Ina jin fizga har cikin kafaɗata. Na ce, “Lawali, kira mutane. Giwan ruwa ce.” (A tabkin da ake haƙar laka a yi tubali da rani.) Kafin ka ce me, kowa ya dawo, har da matan da suka zo wanki. Na shiga ruwa zuwa gwiwa, na shiga zuwa ƙugu, takalmina ɗaya ya zauna a laka ban ko waiwaye shi ba. Ina ja, ina saki, ina yi wa jama'a bayanin abin da nake yi. Can wani abu ya ɓalle a ƙarƙashin gawon, nauyin ya taho gaba ɗaya.

Tarwada ta fito, baƙa, kamar damtsena. Bayanta wata. Bayan wannan wata kuma. Na ja da baya zuwa tudu, suna biyo ni a jere suna birgima cikin laka, har guda tara.

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ga wata baƙar igiya mai kauri a tsakaninsu. Idona ya gan ta sarai, zuciyata ce ta ƙi karɓa. Na miƙa wa Lawali wayata, na durƙusa a bayan kifin na ɗaga sanda sama, ya ɗauke ni hoto. Nan take, da laka a yatsuna, na tura wa gurup ɗinmu na malamai, na rubuta kalma ɗaya a ƙasa: “Teknik.”

Alhaji baffan ango ya matso yana riƙe da bakin rigarsa. Ya ce, “Mushe, ikon Allah. Jifa ɗaya kifi tara? Yaya ake haka?”

Ni kuma, malamin ilimin halittu, na buɗe baki na ce, “Ai tarwada a ƙungiya take tafiya, Alhaji. In ta gaba ta kama, sauran sai su biyo ta.”

Ina rufe baki Kawu Ɗan Tani ya iso. Ya naɗe hannun riga ya tsuguna, ya kama ta farko, ya buɗe bakinta, ya zaro wata ƙugiya mai tsatsa da guntun hanjin kaza a jiki. Ya ce, “Wagga tawa ce.” Ya kama ta biyu. “Wagga ma.” Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai kiran suna a aji, har tara. Sannan ya bi igiyar da hannu ya kai inda ɗan kifina na roba ya maƙale, ya ciro shi, ya ɗauraye, ya miƙo mini.

“Ga taka, Mushe. Igiya ta kama.”

Mamarinsa ne na jawo, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa da masunta ke shimfiɗawa a ruwa. Tun asuba ya kafa shi a gindin gawon. Ya dubi ragowar igiyar da na tsinke, ya ce da na bari sai azahar da sun fi haka, don rabin ƙugiyoyin suna can ƙasa da abin da ke jikinsu.

Baba ya ce, “Ɗan Tani, wa ya ce ka kafa mamari yau? Ba an ce Mushe ya ɗauki nauyi ba?”

Kawu ya ce, “Rabi ce ta kira ni tun ran Laraba.”

Baba ya juya mini baya, don suruki ba ya yi wa mijin ɗiyarsa dariya a fuska, amma ina ganin kafaɗunsa na rawa. Lawali kuwa ba ruwansa da wannan kunya, yana kwance a ƙasa yana riƙe da ciki. Alhaji, Allah ya saka masa, ya so ya rufa mini asiri, ya ce, “To ai shi ma ya yi aiki, ya jawo.” Wannan ya fi dariyar ciwo. Ina tsaye da takalmi ɗaya, ruwa na zuba daga aljihu takwas, waya kuma sai ƙara take a hannuna. Abokan aiki na ta yaba mini. Darakta da kansa ya rubuto cewa in shirya in yi wa ɗalibai darasi a kan wannan dabara.

An yi miya, ta kuma isa, da aka ƙara kaji biyu. Ni a ɗaki na ci nawa, na ce kaina ke ciwo. Inna ta aiko mini da kan babbar tarwadar a kwano daban, wai a kai wa mai jan igiya. Da Rabi ta shigo ɗaukar kwanon na ce mata, “Ashe ba ki yarda da ni ba.”

Ta ce, “Na yarda da kai mana, Mushe. Miyar baƙi ce ban so ta dogara da kai ba.”

Ta ɗauki kwanonta ta fita.

Washegari, kafin mu kama hanyar Tasawa, na je na sami Kawu na ba shi haƙuri. Ya ce ba komi, ya turo mini cukurkuɗaɗɗen mamarin gabana. Awa uku muka yi a zaure muna warwarewa, ƙugiyoyi na cin yatsuna, yana nuna mini yadda ake ɗaure su da yadda ake soka hanji ba ya zamewa. Ban yi masa bayanin komai ba a ranar. Hoton kuwa na goge shi daga gurup, amma Lawali ya riga ya ɗauki na biyu, wanda Kawu ke miƙo mini kifin roba, kuma yana da lambar wani abokin aikina. Ran Litinin da na shiga ɗakin malamai, na tarar an rubuta “Teknik” da alli a kan kujerata.

Abin da na koya ba shi da yawa. In dattijo ya ce kada ka jefa a wuri kaza, tambaye shi sau biyu. In kuma ka ja abu ka ji ya fi ƙarfin iyawarka nauyi, duba ko na wani ne tukuna, kafin ka kira mai ɗaukar hoto.