Ganuwar Da Ta Ratsa Gidan Dabo

Ranar da Dabo ya dawo daga Gwanja, bayan shekara uku da 'yan watanni yana bin ayarin fatake da kayan goro a ka, ya yi sallama a zauren gidansa, ya shige, ya ɗaga ƙafa zai faɗa tsakar gida, sai ya yi karo da ganuwa. Ba katanga nake nufi ba, jama'a. Ganuwa sosai irin ta gari, ta jar laka, tsawon mutum uku, har da 'yan zankaye a bisa don ado. Goshinsa ne ya fara gaisawa da ita.

Garin yana bakin dajin Birnin Gwari, yinin tafiya daga Kazage, kuma ba zan faɗi sunansa ba. Abin ya faru tun Nasara bai san hanyar ƙasar nan ba, amma jikokin manyan garin suna nan da ransu, kuma har yau ba su iya ɗaukar wasa ba.

Duk wanda ya taɓa yin nisa da gida ya san abin da ke ran Dabo. Gammo ya cinye masa gashin ka, sauron ƙasar Nufe ya sha rabonsa, yaƙin wasu ya tsare su wata tara a garin da ko gishiri ba su iya sa wa miya ba. Cikin wannan duka, abin da yake gani in ya rufe ido shi ne inuwar tsamiyar tsakar gidansa, da akushin tuwon dawa na matarsa Hajjo yana tururi. Sama da kome kuma, akwai yarinyar da aka haifa bayan tafiyarsa. Wani falke ne ya ba shi labari a hanya cewa mace ce, an sa mata Asama'u, sunan mahaifiyarsa. Bai taɓa ganin ta ba, kuma ganin ta ne ya kawo shi gida da ƙafafunsa.

Yana tsaye yana murza goshi sai ga maƙwabcinsa Maiturare ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa.

"Lale, lale! Dabo, ashe kana duniya?"

"Bar gaisuwar tukuna, Maiturare. Wa ya kawo ganuwa cikin gidana?"

Maiturare ya duba hagu, ya duba dama, ya rage murya. Ya ce, "Doki."

Ga yadda aka yi. Shekara biyu da suka wuce mahara suka addabi wajen Dogon Dawa, manya suka ce a yi sabuwar ganuwa. Al'adar garin kuwa ita ce, Mai Girma Uban Ganuwa ya hau dokinsa ya kewaya, wasu na biye da shi da ƙwaryar toka, duk inda kofato ya taka su barbaɗa, nan za a haƙa harsashi. To ran nan, kafin ya hau, sai da gida uku suka ciyar da shi, kowanne yana son ganuwa ta rungumo lambunsa. Ga cikin ya cika, ga rana. Kafin a iso unguwar su Dabo, rawaninsa ya faɗo kan ƙirji. Dangar gidan Dabo ta faɗi tun damina, da yake babu namijin da zai tayar da ita, Hajjo kuma ta shanya harawar wake a tsakar gida. Doki ya hango, ya karkata, ya shiga, ya ci iya cinsa, ya fita ta ɗaya gefen. Masu toka suka bi shi suna barbaɗawa.

"Ba wanda ya tashe shi?" in ji Dabo.

"Wa zai tashe shi? Ai daga baya ya yi bayani. Ya ce ba barci yake yi ba, nazari yake yi. Har an yi masa kirari a kan hikimar lanƙwasar nan."

Haka zaure da ɗakin Dabo suka kasance a waje, su da daji. Madafa, da ɗakin Hajjo, da rumbu, da tsamiyar, suka kasance a ciki.

Dabo bai damu sosai ba a lokacin. Ya ce ai gari yana da ƙofa. Ya sake aza kayansa, ya bi gindin ganuwa ya kewaya rabin gari, ya iso wurin Mai Martaba Wakilin Ƙyaure, wanda ke kishingiɗe a rumfa kan buzu, mutum biyu na yi masa fifita. Ƙofar kanta abin kallo ce. Sau uku aka yi bikin buɗe ta, kowane biki da ragunansa, domin duk lokacin da aka yi sai a tarar wani babba bai samu halarta ba.

Dabo ya zube ya yi gaisuwa, ya ajiye goro fari tas.

"Daga ina?" in ji Wakili, bakinsa cike da goron.

"Daga Gwanja, ranka ya daɗe. Gida na dawo."

"Wanda ya kwana arba'in ba ya gari, baƙo ne. Baƙo kuwa ba ya shiga sai mai gidan da zai sauka ya fito daga ciki ya karɓe shi a nan, a gabana. Gidan wa za ka sauka?"

"Gidan Dabo, ranka ya daɗe."

"Madalla. A kira Dabo."

"Ni ne Dabon."

Wakili ya dube shi da tausayi, irin tausayin da manya ke yi wa marasa fahimta. Ya ce, "To ai ka ga sauƙi ya zo. Ka fito daga ciki ka karɓi baƙonka, ba wanda zai tsare ku."

Maiturare ya matso ya ce shi zai karɓe shi. Wakili ya girgiza kai, ya ce mutumin da ke da gidansa a gari ba ya zama baƙon wani, wannan zubar da mutuncin gari ne. Dabo ya ce to a bar Hajjo ta fito da yarinya ko a bakin ƙofa ne ya gan su. Nan ma akwai doka: mata da yara ba sa fita sai tsoron mahara ya wuce. Shi kuwa Dabo, da yake baƙo ne, manya sun yi ittifaƙi mahara ba za su kula shi ba. Wanda kuma ya hau ganuwa, an ce da maharba kada su tsaya tambayar sunansa.

Ni dai ban ga laifin Wakili ba. Mutum ne mai riƙon doka. Kullum Dabo ya je sai ya karɓi goro da hannu biyu, ya sa masa albarka, ya ce ya dawo jibi. Daga jibi aka koma bayan salla, daga bayan salla aka koma sai Uban Ganuwa ya dawo daga Kusasu, inda aka gayyace shi ya koya wa mutane yadda ake shata ganuwa.

Da yammacin ranar farko, Dabo ya koma zaurensa, ya tsaya gindin ganuwa. Yana jin lugude daga ciki, kuma ya san hannun mai dakan. Ya gyara murya ya yi sallama. Taɓarya ta tsaya cak.

"Maigida? Kai ne?"

"Ni ne, Hajjo."

Ya ji tana jan hanci. Can ta ce, "Ka rame."

"Yaya aka yi kika sani?"

"Muryarka ce ta rame."

Daga ranar suka shiga zaman aure na igiya. Hajjo ta ɗaura dutse a igiya ta wurgo, ta ɗaure akushi a tsumma, shi ya ja daga waje. Kafin tuwo ya hau ganuwa ya sauko, ya huce, miyar kuka kuma rabinta ta bi jikin laka. Ya kan ci a tsugune yana kallon daji. Ta igiyar nan ya aika da tsarabarsa, zane ga Hajjo, da 'yar tsakiya ja ta ratayawa a wuya da ya sayo wa yarinyar a Bida.

Ita yarinyar kwana biyar ta ƙi magana. Sai ya ji Hajjo, wadda kunyar 'yar fari ba ta bari ta kama sunanta, tana cewa, "Ke, gai da babanki mana." A rana ta shida wata 'yar murya ta taso daga bayan laka.

"Baba, kana cikin bango ne?"

Dabo ya dafa ganuwar da hannu biyu. Ƙaton da ya haye Kwara da kaya a ka bai yi ko gezau ba, ranar ya yi kuka sosai, yana danne baki don kada ta ji. Ya ce, "Ina bayansa, Uwata. Ina nan kusa."

Shi ke nan, sai ta saba. Da safe ta zo ta gaya wa ganuwa cewa akuya ta haihu. Da yamma ta kawo ƙarar uwarta, wai ta yi mata kitso da zafi. Shi kuma ya ba ta labarin ruwan da ba a ganin ƙarshensa, da birai masu satar goro. Ta tambaye shi ko dogo ne, ya ce dogo ne. Ta tambaya ko ya kai tsamiya, ya ce saura kaɗan. Ya san tarinta, ya san dariyarta, ya san ƙarar tafiyarta a ƙasa, amma da za a jera masa yara uku, ba zai iya nuna tasa ba. Wannan shi ya fi ci masa rai, fiye da tuwon sanyi da kurayen da ke shinshina zaurensa.

Wata huɗu aka yi a haka, daga kaka har bazara.

Da hadari ya fara taruwa a gabas, sai lokacin yaɓen ganuwa ya yi. Mai shela ya kewaya da ganga: kowane mai gida ya fito da kwandonsa ya yaɓe sashen da ke jikin gidansa, daga ciki, kafin ruwa ya sauka. Aikin yana hannun wani babba, Mai Daraja Magajin Laka, wanda a iya sanin mutanen garin laka ba ta taɓa taɓa babbar rigarsa ba. Ya zo zagayen duba aiki, ya tarar ko'ina ana yaɓe, ban da wuri ɗaya mai zanen busasshiyar miya daga sama har ƙasa.

Ya daka tsawa. "Gidan wane ne nan?"

Hajjo ta durƙusa daga bakin madafa. "Gidan Malam Dabo ne, ranka ya daɗe."

"Ina yake?"

"Yana bayan ganuwa."

"Bayan ganuwa! Wato ya ji shela ya tsere. A kamo mini shi!"

Ƙarti huɗu suka fita da igiya. Dabo yana ganin su ya miƙa hannuwansa tun ba su tambaya ba, har ya nuna musu inda ɗaurin bai yi ƙarfi ba. Suka taso shi a gaba har ƙofar gari. Wakilin Ƙyaure da kansa ya miƙe tsaye, abin da aka daɗe ba a gani ba, ya ce a wangale ƙyauren duka biyu, kada a ɓata wa hukunci lokaci. Ko goro bai nema ba. Mai laifi ai ba baƙo ba ne, ɗan gari ne cikakke, dole a shigo da shi.

Aka yanke masa bulala goma da ɗaukar laka kwana bakwai. Dabo ya yi ta godiya, kowace bulala ta sauka sai ya ce Allah ya ƙara girma, har mai dukan ya tsargu ya sassauta hannu. Ya yini yana jidar laka yana murmushi, mutane na cewa tafiyar Gwanja ta taɓa masa kai.

Da la'asar sakaliya aka sallame shi, sai kuma gobe. Ya shiga gidansa ta wajen dangar nan da ta faɗi, don babu wata ƙofar. Hajjo ta ɗago ta gan shi, ta saki muciya, ta juya baya tana share ido da bakin zane. Ba ta ce kome ba sai, "Sannu da zuwa, Maigida," kamar wanda ya je kasuwa ya dawo. Ta shimfiɗa masa tabarma gindin tsamiya, ta kawo ruwa, ta dire akushi. Ya miƙe ƙafafunsa. Ya buɗe tuwo, tururi ya daki fuskarsa, miya tana nan cif ba ta zube ba. Ya kai loma ɗaya, ya lumshe ido.

Da ya buɗe, sai ga wata 'yar yarinya tsaye a bakin danga, da jar tsakiya a wuya, ta dawo daga maƙwabta. Goshin mahaifiyarsa sak. Ta dubi wannan ƙaton mai gemu, jikinsa duk busasshiyar laka, ta dubi akushin. Kafin ya haɗiye lomar ya yi magana, ta kwasa da gudu ta wuce shi, ta je ta manna bakinta a jikin ganuwa.

"Baba! Baba! Ga wani ƙato ya shigo, yana cinye maka tuwo!"

Ganuwa ta yi shiru. Yarinyar ta sake kira, ta bubbuga laka da tafin hannu. Hajjo ta buɗe baki, Dabo ya ɗaga mata hannu. Ya tashi a hankali, bayansa na zogi, ya zaga bayan rumbu inda ba za ta gan shi ba, ya tsuguna, ya ɗaga murya kamar yadda ya saba.

"Bar shi ya ci, Uwata. Daga nesa ya zo."

Ta bar shi ya ci, amma tana tsaye a kansa da hannu a ƙugu har ya suɗe akushin. An ce da labarin ya kai rumfar ƙofa, manya sun yaba ƙwarai, suka ce da ganin yarinyar nan za ta iya riƙon gari.