Kiɗan Da Zai Hana 'Ya'yanka Kwashe Ka Daga Gidanka

Kai dattijo, matso kusa. Idan 'ya'yanka sun fara yin ƙus-ƙus in ka shigo, suna tambayar ka ko ka san yau wace rana ce, to kwashe ka za su yi. Ni an gwada mini. Ka bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka tabbacin a ɗakinka za ka ci gaba da kwana, kuma ka fito makaɗi ba ka shirya ba.

Ban taɓa zama a aji ba. A jikin buhun siminti na koyi baƙi, kuma ya ishe ni. Magini ne ni tun ƙasusuwana ba su yi ƙwari ba. Na faɗo daga bene, ƙasa ce ta ji jiki. Rijiya ta rufta da ni, na fito ina tambayar wa ya taɓa mini cokalin gini. Likitan da ya ce in yi sallama da iyali, ni na gina wa magadansa shago. Saboda haka in na faɗa maka abu, rubuta.

Ga yadda aka yi. Babban ɗana, wanda muke kira Manaja tun yana rarrafe saboda son ba da umarni, ya yanke cewa ƙarshen wata zan bar gidan da na ɗora da hannuna, gidan da uwarsu ta yi jinya ta cika a cikinsa, in koma wurinsa can saman bene. Na ga ɗakin. Tagarsa bangon wani take kallo, bangon ma karkatacce. Dalilinsa wai ba ni da aikin yi, zaman kaɗaici zai taɓa mini ƙwaƙwalwa.

Mataki na ɗaya: Karɓi abin raini da hannu biyu

Kafin su kwashe ka, za su kawo maka abin wasan yara. Nawa na'urar gem ce da 'yar Manaja ta girme ta. Ba ta kai rabin bulo ba, allo a tsakiya, maɓallai hagu da dama, kusurwa ɗaya duk shatin haƙori.

Manaja ya ajiye mini ita a cinya ya ce, "Baba, likita ya ce wannan tana motsa ƙwaƙwalwa. Ka riƙa ɗan dannawa kafin mu zo ɗaukar ka."

Kada ka jefe shi da ita, ko da hannunka ya yi ƙaiƙayi. Ka ce, "Allah ya yi albarka." Ka raka shi har mota. Yaro ya kawo maka makami da kansa, ya kuma haɗa da wayar caji.

Mataki na biyu: Kada ka yi wasan

A ciki akwai wani ɗan mutum mai tsalle yana faɗawa rami, sai a rubuta ya mutu. Daga wannan 'yar faɗuwar! Kada ka ɓata lokacinka a kan rago.

Ka sa hula ka tafi wurin mai gyaran waya. Tamu mace ce, rumfarta na bakin kwana, kullum da gilashi a ido ɗaya da ƙaramin ƙarfe mai hayaƙi a hannu. Mai Gyara muke ce mata.

Na ce, "'Yata, abin nan ba ya wani aiki na manya?"

Ta juya ta, ta danna nan ta danna can, ta ce, "Kai, Baba Magini, ai akwai manhajar haɗa kiɗa a ciki. Da irin wannan wasu suke cika fili da 'yan rawa."

Na ce, "Na sani. Gwada ki nake."

Wannan jimlar ka haddace ta. Duk abin da aka koya maka, ka ce ka sani. Ilimi yana shiga daidai, girma kuma bai fita ba.

Mataki na uku: Gane cewa bango ne

Za ta buɗe maka wani allo mai ƙananan gidaje a jere, layi bisa layi. Akwai wata 'yar fitila da ke tafiya daga hagu zuwa dama tana taka su ɗaya bayan ɗaya. In ta kai ƙarshe ta dawo farko, ba ta gajiya, ba ta neman kuɗin abinci. Da na sami lebura irinta da tuni na gina gari. Duk gidan da ka cika, in fitilar ta taka shi sai ya yi ƙara. Layin ƙasa ya ce dum, na bisansa ya ce tas, na sama ya ce tsit kamar ɓera ya ga haske.

Mai Gyara ta cika gida nan, ta tsallake, ta cika can. Abin ya fara dum, tas, dum-dum, tas. Har mai sayar da lemo na gefe ya fara kaɗa kai.

Ni kuwa da na duba allon sai na gane shi. Bango ne. Bulo ne a jere, sahu bisa sahu, kuma duk ramuka. Irin aikin da in yaronka ya yi maka, a ranar zai koma wurin uwarsa.

Mataki na huɗu: Toshe kowane rami

Nan ne asirin yake, ka buɗe kunne tun yana aiki.

Na karɓi na'urar na fara daga ƙasa, yadda ake gini. Na cika layin farko tsaf. Na hau na biyu. Mai Gyara ta ɗaga gilashinta.

"Baba, ba haka ake yi ba. Ka bar wasu fanko. Kiɗa sai da wurin numfashi."

Na ce, "Ke kin taɓa kwana a ɗakin da aka bar wa wurin numfashi a bango?"

"Ai wannan ba ɗaki ba ne."

"Da haka ake farawa. Yau rami ɗaya, gobe ƙadangare, jibi surukai suna leƙen ka."

Na cika har sama, ban bar inda allura za ta shiga ba. Akwai maɓallin da ke sa fitilar tafiya, "tafi" nake ce masa. Na danna tafi. Fitila ta taka gidan farko, kowane layi ya yi magana a lokaci ɗaya, kuma ba wanda ya sake yin shiru. Ka taɓa jin injin niƙa ya haɗiye cokali? To ka ƙara masa ruwan sama a kan kwano. Mai lemo ya ja kekensa ya tsallaka titi. Mai Gyara ta toshe kunne ɗaya da kafaɗa ta ce, "Baba, don girman Allah, ina da kwastomomi."

Makaɗan zamani suna barin ramuka ne don a ce sun yi aiki da yawa da kaya kaɗan. Mun san irinsu a wurin gini.

Mataki na biyar: Kwaɓa murya

Bayan bango sai kwaɓi. Akwai wani shafi inda ake ƙera muryar kanta. Mai Gyara ta kira shi da wani dogon suna, ban ɗauka ba, don ba na ɗaukar kayan da ba zan yi amfani da su ba. Wasu 'yan sanduna ne da ake turawa sama ko ƙasa. Ɗaya tana sa murya ta yi kauri, wannan siminti ke nan. Ɗaya tana sa ta yi ƙaiƙayi, yashi. Ɗaya tana sa ta yi rawa-rawa tana malala, ruwa.

Za a ce maka ka sa kaɗan-kaɗan. Ni a rayuwata ban taɓa yi wa mai gida ƙwauron siminti ba, ba kuma a kan kiɗa zan fara ba. Tura kowace sanda har ta bugi rufi. In ka ji haƙorinka na ƙarshe yana motsi, kwaɓi ya yi.

Akwai kuma lambar sauri. Ita ma kai ta ƙarshe. Shekarunmu ba na jira ba ne.

Mataki na shida: Nemi mai sauraro

Lasifikar na'urar ƙarama ce, an yi ta don kunnen yara. Kada ka sayi wata. Ɗauko tsohon kwanon ɗiban siminti, ka kakkaɓe shi, ka sa na'urar a ciki, ka jingina shi da bango. Kwano zai ɗauka, bango zai isar.

Bangon ɗakina shi ne bangon shagon Tela, maƙwabcina. Da hantsi na kunna. Ba a jima ba ya shigo da tef a wuya, allura a baki.

"Magini, me ya lalace?"

"Kiɗa ne."

"Wa ya rasu?"

"Ni na haɗa."

Ya ce ya ɗinke aljihun wani a kan gwiwa saboda ni. Na ce to ka gani, ka ƙirƙiro sabon yayi, ko godiya babu. Duk wanda ya taso daga wurin sana'arsa ya zo ya same ka saboda kiɗanka, masoyi ne. Abin da ya faɗa bayan ya iso ba shi ne abin dubawa ba.

Mataki na bakwai: Ranar da za su zo da kwalaye

Za su zo. Nawa sun zo ranar hutu da safe, Manaja da matarsa, da kwalaye fanko da igiya. Surukata mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, "Baba, mun gyara maka ɗaki. Jikin namu yake, ko tari ka yi za mu ji."

Kada ka yi gardama. Kada ka ce ba za ka je ba, wannan shi suke jira su ce rigimar tsufa ce. Ka yi murmushi.

Na ce, "Madalla, 'yata. Sai dai da kayan aikina zan zo. Kun ce ba ni da sana'a, to na samu. Kullum nake yi, daga karyawa har rana ta yi sanyi."

Manaja ya yi dariya ya ce, "Wace sana'a kuma, Baba?"

Na jawo kwano. Na danna tafi.

Kofin shayin da ke kan tebur ya fara tafiya da kansa. Hoton da ke jikin bango ya karkace, karo na farko da wani abu ya karkace a gidan nan. Daga can shago na ji Tela ya yi salati. Surukata tana durƙushe, murmushinta na nan a fuska amma ita ta bar wurin.

Manaja ya kusanto kunnena ya yi ihu, "Baba, ina ake kashewa?"

Na yi ihu na ce, "Ban tambaya ba! Batir ne ke kashewa!"

"Yaushe zai ƙare?"

"Yanzu na cire daga caji!"

Surukata ta miƙe ta ja hannun rigar mijinta, suka fita wurin mota. Ta taga na gan su. Ita ke magana, shi yana kallon taya. Ka san an yi aure mai kyau in ka ga haka.

Mataki na takwas: Kada ka yarda da wuri

Da suka dawo na kifa kwanon don a ji juna. Ta ce, "Baba, mun yi shawara. Babba ya fi sakewa a inda ya saba. Mu ne za mu riƙa zuwa."

A nan ragwaye ke faɗuwa, su yi saurin cewa to. Kai ka ɓata fuska.

Na ce, "Haba, ai na riga na sa rai. Har na haɗa wani sabo na musamman don bene, na ji an ce can sauti ya fi yawo."

Ta ce, "Wallahi Baba kada ka takura kanka."

"Ko na mako ɗaya in zo, jikokina su ji?"

"Suna jarrabawa, Baba."

"Bayan jarrabawar fa?"

Ta dubi Manaja. Manaja ya ce, "Wata jarrabawar ce."

Da hannunta ta mayar da kwalayen mota. Igiyar ma ta manta, na ɗaure akuya da ita.

Mataki na tara: Bar sauran ga surukarka

Maƙwabta za su haɗa kai. Tela ya tara mutanen layinmu suka yi ayari har gidan Manaja, wai a taimaka a ɗauke ni, su za su yi dakon kayan kyauta. Kada ka tayar da hankalinka, ba kai za ka yi wannan yaƙin ba. An ba ni labari ko hawa benen ba su yi ba. Surukata ce ta tare su a ƙofa ta ce, "Ku ji tsoron Allah! Dattijo ya gina gidansa da guminsa, ku ce a raba shi da shi? Muddin ina raye Baba ba ya barin gidan nan."

Duk 'ya'yan da na haifa ba wanda ya taɓa tsaya mini haka. Washegari ta aiko direba da sabuwar wayar caji, mai tsawo.

Ba ruwana

Abin da na sani na faɗa maka kyauta. In gilashin tagarka ya tsage, in kajin maƙwabta suka daina ƙwai, in kunnenka mai kyau ya bi ɗan'uwansa, in tela ya ɗinke maka ƙafar wando ɗaya da gangan, ni ban san ka ba, kai ma ba ka san ni ba. In bangonka ya zube, ka nemi wanda ya gina maka, nawa yana tsaye. Idan kuma ka yi rashin sa'a surukarka ta saurara har ƙarshe ta ce kiɗan ya yi mata daɗi, to ɗaure kayanka ka shiga mota, kuma kada ka ambace ni a hanya.