Rasuwar Shuɗi, Rinin Kwalbar Ƙarshe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da rasuwar abokin aikina, Shuɗi, rinin da ke cikin kwalba mai ruwan ƙasa a ɗakinmu na gwaji, bayan doguwar jinya.

Marigayin ba shi da ƙyashi. A kawo masa tsokar mara lafiya, an yanka ta siririya kamar fatar albasa, fara fat, shi zai rina ta har likita ya ga abin da ke ɓoye. Likita ya sha yabo, shi kuwa a mayar da shi kan kanta.

Maigidana a wurin aiki, wanda muke kira Sarkin Rini, shi ya haɗa shi da hannunsa kafin Allah ya yi masa cikawa. Kowace safiya tare muke tace shi, muna sauraren ɗis, ɗis, ɗis. Da maigida ya tafi, sauran ma'aikata suka koma sabon ɗaki mai inji, aka bar ni da ɗis ɗin nan. Duk sanda kwalbar ta yi ƙasa sai in ƙara sabon rini a kan tsohon, don kada hannun maigida ya ƙare a ciki.

Ciwon ajali ya fara da gudaji a gindin kwalba. Na tace, na lallaɓa. Ran nan ya zuba ɗigo-ɗigo a kan naman wata baiwar Allah, har likita ya yi zaton mugun ciwo ne, ita kuwa lafiyarta ƙalau. A nan na san zumunci ya kai iyaka. Ni na rufe murfin, kuma wallahi na ji zafi.

Ya bar matarsa Ja, wato jan rini, wadda ba ta rini sai a bayansa, da madubin duba ƙwayoyi, da tabo ɗaya a babban yatsana wanda sabulu ke ci kullum.

Za a yi jana'iza gobe da safe a durom ɗin zubar da sinadarai, bayan ɗakin wanke gilasai. Zaman makoki a tsohon ɗaki. Mai zuwa kada ya wahala da ɗauko kujera, akwai ta maigida, ba mai zama a kai.