Godiyar da Na Yi wa Malama Dije

Ba zan taɓa mantawa da walimar ritayar Malama Dije ba, ko da na so. Shekarar da sojoji suka koma bariki ce, kowa a cikin birni ya zama ɗan siyasa, har da ni. Matar sabon ciyaman ɗin ƙaramar hukumarmu tana neman sakatariya a ƙungiyarta ta mata, ni kuwa na ƙwallafa rai.

Malama Dije ce ta koya mana Turanci a sakandare. Da na faɗi jarrabawa, a tsakar gidanta na Goron Dutse ta riƙa zaunar da ni har na ci. Shi ya sa tsofaffin ɗalibai suka ce ni zan yi jawabin godiya.

Ƙawata Binta ta ce, "Ki yi da Hausa mana, ai duk 'yan gida ne."

Na ƙi. (Matar ciyaman za ta zo, kuma gaskiya ita nake so ta ji ni, ba Malama ba.)

Ranar na ci ado, na karɓi lasifika, na yi ta zuba. Da na zo ƙarshe na ɗaga murya: "Malama, we will never stop to thank you!" Na ji ta yi mini daɗi a baki, na sake maimaitawa har da dafa ƙirji.

Aka tafa. Amma layin malamai kowa ya sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa.

Malama ta miƙe a hankali, tana murmushi. "'Yata ta ce ba za ku taɓa tsayawa ku gode mini ba. To, na yafe." Wuri ya kece da dariya. Ta juyo gare ni. "Stop thanking, daina godiya. Stop to thank, tsayawa a yi godiya. Ba mun yi wannan a kan tabarmata ba? Ki zo gida ranar Asabar mu sake."

Matar ciyaman ta toshe baki da mayafi tana dariya, har da hawaye. (Maganar sakatariya a nan aka binne ta.)

Wasa Malama take yi, irin na uwa da 'ya, amma kunya ta hana ni gani. Ban je ba. Ko unguwar zan bi sai in sa mai tasi ya zagaya. Ta aiko Binta cewa tana cigiyata, na ce sai an kwana biyu, mutane sun manta.

Da damina Malama ta rasu. Na je gaisuwa, na zauna a tsakar gidan nan, na kasa cewa komai sai "Allah Ya jiƙanta."

Yanzu ko daga barci aka tashe ni zan bambance "to" da "ing". Sai dai na gane kuskuren Turanci yini guda ake yi ana masa dariya. Kunyar da na ɗora a kansa ce ta yi mini asara.