Makin Hawainiya

"Lafiya lau, sai zafi. Ke kuma ya sanyi?"

Haka Uzairu ya amsa gaisuwar yana jingine babur a bakin zaure. Tsakiyar bazara ce, Unguwar Gai kamar an kifa mata tanda, amma Zainaba, taubashiyarsa 'yar gidan kawunsa, tana zaune a rana da rigar sanyi har da safa. Shi ya raɗa mata suna Hawainiya tun da jikinta ya fara nauyi, sunan kuma ya bi ta har gidan miji. Tun kafin azumi mijin ya ce ta zo gida ta huta, har yau bai ce ta koma ba.

"Sanyi da godiya, bawana," ta ce, muryar a dishe. "Me ka kawo wa uwar gijiyarka?"

"Babur na kawo. Tashi, asibitin Kano za mu."

"A wannan gwangwanin? Ko akuyata ba zan ɗora ba."

"Akuyarki ta fi ki sauri. Jiya na aike ki ɗebo ruwa, sai jibi za ki dawo."

"Ka manta wadda take tsere maka daga nan har rafi, kana baya kana kuka da majina?"

Bai manta ba. Ita ce ta fi duk yaran layin gudu, ita ce kuma mai kitson da amare suke yi wa layi. Yanzu yatsun sun kumbura, gashin kanta ma a jikin mataji yake ƙarewa. Uzairu ya tsuguna, ya ciro waya.

"Ina takardar gwajin jinin nan ta bara? Ta maƙoƙo, wadda na karɓo miki."

"Na hura wuta da ita. Ɗumin da na ji shi ne kaɗai amfaninta. Ba kai ka karanta ba, Farfesa? Ka tsaya a tsakar gidan nan ka ce lambata ta zarce wadda ake nema, na ci jarrabawa har da ƙari. Ka ɗauki hotonta ka watsa a guruf ɗin dangi, wai likita ya tabbatar lalaci ne zalla."

"To ai na ga lamba ta yi sama. A makaranta wanda ya yi sama shi ake tafa wa."

"Makarantar da aka kore ka a aji biyu?"

"Ba kora ba ce, malaman ne suka kasa gane ni." Ya sosa ƙeya, ya kasa kallonta. "Jiya na ɗauko wata nas daga Rurum. Muna hira na nuna mata hoton don mu yi dariya. Ba ta yi ba."

"Ita ma ta ga fuskarka ne."

"Ta ce lambar nan ba maki ba ce, tsawa ce. Wai akwai wani ɗan abu a maƙogwaro mai hura wa jiki wuta. In ya yi kasala, ƙwaƙwalwa sai ta riƙa yi masa tsawa ya tashi. Yana ƙara kwanciya, tana ƙara murya, lambar tana hawa."

Zainaba ta shafa wuyanta. "Ina maƙoƙon? Iya ta duba, ta ce wuyana sumul."

"Ta ce ba dole sai ya kumbura ba. Kuma ita ba ta yanke hukunci ba, lamba ɗaya ba ta isa ba. Sai an sake gwajin, an haɗa da wani, likita ya ji abin da kike ji. Tun bara ya kamata a mayar masa da takardar."

Ta shiga jan zaren bakin rigarta. Ya fi son ta zage shi.

"Ashe akwai malalaci a jikina," ta ce a hankali, "amma ba ni ba ce."

"Ke ma dai kina taɓawa."

"Uwar mijina a guruf ɗin nan ta ga hoton, ka sani? 'Yarta ta nuna mata. Daga ranar ko na ce kaina yana juyawa sai ta ce takarda ta fi ni gaskiya."

Uzairu ya sunkuyar da kai, yana jujjuya wayar a hannunsa.

"Ba inda za ni," ta ce. "In an sake, aka ce lafiyata ƙalau fa? Ka samu sabon hoto."

"In an ce ƙalau, mu nemi wani likitan. Ni dai na yi ritaya daga karatun takarda."

"Dangi sun huta."

"Ki tashi mana, Hawai..."

"Ƙarasa."

Bai ƙarasa ba. Ta miƙa hannu ta karɓe wayar, ta danna wurin ɗaukar murya, ta kai masa baki.

"Faɗa musu wanda ya faɗi jarrabawa."

Ya yi gyaran murya. "Salamu alaikum dangi. Ni ne Uzairu. Takardar bara a kife na karanta ta. Yarinyar nan ba lalaci take ba, ciwo ne ake nema. Jakin gidan nan ni ne."

"Ƙara da cewa bawana ne kai."

"Wannan sai kotu."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta tura saƙon. Ya cire jaket ɗinsa ta acaba ya ɗora mata a kafaɗa saboda iskar hanya, ya je ya tada babur.

"Zainaba, taho mu tafi."

Ba ta motsa ba. Sai da ya sake kira ta ɗago, tana waige-waige.

"Au, da ni kake? Na ɗauka baƙuwa aka yi."